Jitar da ta ƙara ƙarfi ta rasa baki: nazarin zaɓen fikof don kiɗan metal

Mai jitar da wannan nazari ya shafa shi ke riƙe da kiɗan rakiya a wata ƙungiya ta mutum biyar masu kiɗan metal, wani nau'in kiɗan rok mai kaushi da ƙara: jita biyu, jitar bes, mai ganguna da mawaƙi. Jitarsa zubin Les Paul ce amma ba ƙirar Gibson ba, jikinta katakon mahogani mai nauyi, tsawon tsirkiya daga jaki zuwa kan wuya milimita 628. Ƙungiyar tana kiɗa a tsarin da makaɗa ke kira dirof C, wato an sauke tsirkiya mafi kauri daga E zuwa C, sauran biyar kuma kowace ta sauka da taki guda. Amfilifayarsa mai bawul ce, wato kwalaben gilashin da ke ƙara wa sauti ƙarfi, cikin masu bin sawun Peavey 5150, tana zuba sauti a akwati mai lasifika huɗu.

Kukansa biyu ne. Na farko, da zarar ya ɗaga murya ya saki tsirkiyoyi, jitar sai ta ɓarke da tsuwa mai huda kunne. Na biyu ya fi ci masa tuwo a ƙwarya: in yana kiɗa shi kaɗai a ɗaki sautin ya cika ko'ina, amma da ganguna da bes sun shigo sai ya nutse. Musamman in ya danne tsirkiya da gefen tafin hannu yana bugun sauri, maimakon a ji kowane bugu tsaf-tsaf, sai a ji gurnani guda, luguf-luguf, ba a san inda wannan ya ƙare wancan ya fara ba. Abokin kiɗansa kuwa, mai na'urar ɗaukar sauti ƙirar EMG 81 a jitarsa, komai cinkoson waƙa ana jin haƙoransa.

Sai ya ɗora laifin a kan fikof, na'urar nan mai maganaɗisu da ke zaune ƙarƙashin tsirkiyoyi tana mayar da girgizarsu lantarki. Wanda jitar ta zo da shi kilo-om 8 da ɗoriya yake nunawa a mita. Ya shiga neman wanda lambarsa ta fi ta kowa, ya sayo wani mai maganaɗisun alniko, wani gamin ƙarafa, wanda ya haura kilo-om 20, aka ɗaura masa a gefen jaki. Tsuwar ta tafi. Gurnanin kuwa ya ninka. An gudu ba a tsira ba.

Abin da lambar take faɗa

Tafiyar tsuwar ba ta da alaƙa da ƙarfi. Tsohon fikof ɗin ba a jiƙa naɗinsa da kaki yadda ya kamata ba, wayar da ke ciki tana da sararin motsi, don haka iskar da lasifika ke turowa tana girgiza ta, ita kuma tana mayar da girgizar ga amfilifaya, abu ya yi ta zagayawa. Sabon an tsoma shi a kaki, komai na ciki ya daskare. Ko da mai kilo-om 8 ne aka tsoma, tsuwar za ta tafi.

Lambar kilo-om kuwa awon turjiyar waya ce kawai. A cikin fikof akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗa sau dubbai. In waya iri ɗaya ce, ƙarin naɗi yana kawo ƙarin turjiya da ƙarin ƙarfi tare, shi ya sa mutane suka saba haɗa su. Amma masu ƙira ba waya ɗaya suke amfani da ita ba. Mai lamba 42 ita ce ta gargajiya, mai lamba 43 ta fi ta siranta, mai 44 ta fi duka, kuma gwargwadon sirantar waya gwargwadon turjiyarta a tsawo ɗaya. Ana iya samun fikof biyu masu yawan naɗi daidai, ƙarfinsu kusan ɗaya, amma ɗaya ya fi ɗaya lamba da kashi ɗaya cikin huɗu. Har zafin ɗaki yana motsa lambar, domin turjiyar jan ƙarfe tana hawa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri.

Misalin da na fi so shi ne fikof biyu na kamfanin Seymour Duncan, JB da Distortion. Dukansu suna zagayen kilo-om 16. JB yana da alniko 5, Distortion yana da babban maganaɗisun siramik, kuma duk wanda ya kaɗa su a jita ɗaya ya san ba murya ɗaya ba ce: na farko yana da tsakiyar sauti mai waƙa da gindi, wato sautin ƙasa mai kauri, mai ɗan sakaci, na biyu yana da cizo da gindi a ɗaure. Super Distortion na DiMarzio bai kai kilo-om 14 ba, amma ba wanda ya taɓa kiransa rarrauna. DiMarzio ma ba ya tsayawa a kan turjiya, yana buga ƙarfin fikof ɗinsa da milibolt, 425 ga Super Distortion, 510 ga X2N, sai dai wannan awon nasu ne na gida, ba ya hawa kan kayan wani kamfani.

Ƙarin naɗi yana da farashin da ba a rubutawa a kwali. Naɗin waya da igiyar da ke kai sauti zuwa amfilifaya suna haɗuwa su zama matata mai tudu guda: a wani mataki sauti yana ɗan tashi, daga nan zuwa sama kuma yana gangarawa da sauri. Wurin da tudun ya zauna shi ne mafi yawan abin da kunne ke ji a matsayin muryar fikof. Yawan naɗi yana jawo tudun ƙasa. Wato fikof ɗin da mutumin nan ya sayo ya ƙara masa gindi da ƙasan tsakiya, ya yanke masa saman da ake jin karon makaɗi da tsirkiya a ciki, daidai abin da ya rasa tun farko.

Me ya sa ake ƙera masu zafi, to?

Domin akwai lokacin da ake buƙatarsu matuƙa. Fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙera wa Gibson, wanda ya hau Les Paul a 1957, an yi shi ne don kashe ƙugin wutar lantarki, kuma yana zagayen kilo-om 8. Amfilifayoyin ƙarshen shekarun 1960, irin Marshall Super Lead mai wat 100, ba su da maɓallin da zai bar ka ka gurɓata sauti ba tare da ka ƙure murya ba. In kana son kaushi, ko dai ka buɗe ta har ƙarshe, ko ka bugi ƙofarta da sigina mai ƙarfi. Larry DiMarzio ya fito da Super Distortion a 1972 don wannan aiki na biyu. Ya yi daidai da zamaninsa.

Daga baya amfilifaya ta karɓi aikin. Marshall ta sa maɓallin babbar murya a tsakiyar shekarun 1970, JCM800 ta zo a 1981, sannan a 1992 Peavey ta fitar da 5150, wadda daga baya ta koma 6505. Irin wannan amfilifaya tana bi da sigina ta matakan bawul a jere, kowane yana ƙara matse wanda ya gabace shi, har kaushin da take iya bayarwa ya wuce buƙatar kowa. Turo mata fikof mai kilo-om 20 kamar ƙara ruwa ne a tulun da ya riga ya cika. Abin da ya fi muni shi ne irin abin da ake ƙarawar. Sautin ƙasa shi ya fi kowane girma a siginar jita, shi ke fara cika bawul, kuma in ya cika shi sai ya riƙa cakuɗa da sauran sautuka yana haifar da wasu da ba a cikin kiɗan suke ba. Gurnanin ke nan. C ɗin da suke kaɗawa tana kan Hz 65, wato girgiza 65 a daƙiƙa, E ta asali tana kan 82, don haka duk saukar da aka yi matsalar tana ƙara girma.

Binciken jitar

Kafin a sake sayen komai, an bi hanyar siginar daga tsirkiya zuwa lasifika. An kuma ɗauki ɗan gajeren kiɗa guda, mai danne-danne da sauri, ana naɗarsa bayan kowane gyara, sannan a daidaita ƙarar naɗe-naɗen kafin a saurara. Wannan daidaitawa wajibi ce. Kunne yana da son zuciya, duk wanda ya fi ƙara shi yake cewa ya fi daɗi, kuma da wannan ruɗin ake sayar da fikof masu zafi da yawa.

Tsirkiyoyi aka fara dubawa, kuma nan aka sami babban ɓarawon. Yana amfani da saitin 10 zuwa 46, wato lambar kaurin tsirkiya mafi siranta da mafi kauri, wanda aka yi don tsarin E. Ɗaurin tsirkiya yana bin mitar sautinta in an ninka ta da kanta, saboda haka sauke ta daga 82 zuwa 65 yana kwashe mata fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ɗaurinta. A jita mai milimita 628 abin ya fi tsanani a kan mai 648, domin gajeriyar tun asali ta fi sakwarkwacewa. Tsirkiyar tasa lilo take yi: in ya buga da ƙarfi sautin ya haura sama da inda ya kamata sannan ya dawo. Babu fikof a duniya da zai gyara wannan, shi abin da aka ba shi yake ɗauka. Aka sa saitin 12 zuwa 56, wanda ke mayar da ɗaurin babbar tsirkiya kusa da yadda yake a E, aka ɗan faɗaɗa tsagar kan wuya don ta zauna, aka gyara sandar cikin wuya da zaman jaki. A naɗin da ya biyo baya bugun ya fara rabuwa.

Sai tsayin fikof. An ɗaga shi har yana neman taɓa tsirkiya, wai don ƙarin ƙarfi. Aka sauke shi zuwa kusan milimita 2.5 a gefen masu kauri da 2 a gefen sirara, ana aunawa bayan an danne tsirkiya a firet na ƙarshe, wato ƙarfen ƙarshe cikin waɗanda ke gicciye a wuyan jita. Wannan gyara sukuduraba kawai yake ci, amma ya rage gindi sosai. Ina ganin da yawan masu canza fikof da sun fara juya waɗannan kusoshi biyu da ba su canza ba.

A cikin ramin wayoyi an tarar da maɓallin murya mai kilo-om 250. Wannan na fikof mai naɗi ɗaya ne, inda ake son a rage kaifi. Mai naɗi biyu 500 yake so, in ba haka ba tudun nan nasa sai ya kwanta. Aka canza. Igiyarsa kuma mita 9 ce, kai tsaye zuwa amfilifaya. Igiyar jita ta yau da kullum tana ɗauke da kusan fikofarad 100, awon cajin da take riƙewa, a kowace mita, kuma lissafi yana nuna cewa a fikof mai henri 8, awon da ke hawa da yawan naɗi, komawa daga mita 9 zuwa 3 yana ɗaga tudun daga wajen Hz 1,700 zuwa wajen 2,600. Wannan tazara ce da ko wanda ba makaɗi ba zai ji.

A fuskar amfilifaya an ga abin da aka saba gani: kaushi a 8, bes a 8, tsakiya a 2. Saiti ne mai daɗi ga mutum shi kaɗai, domin yana cike gurbin bes da ganguna da ba sa nan. In sun zo kuwa, ƙasan nasu ne, saman na kugen mai ganguna ne, jita ba ta da gida sai tsakiya, shi kuma ya rushe ta da hannunsa. Aka mayar da kaushi 5, bes 5, tsakiya 6. Bai ji daɗi ba da farko, ya ce jitar ta zama tsirara, kowane kuskuren hannunsa yana fitowa. Gaskiya ya faɗa. Kaushi mai yawa yana rufa asiri.

Na ƙarshe shi ne feda, 'yar na'urar sarrafa sauti da ake takawa da ƙafa, irin Tube Screamer da Ibanez ta fitar tun 1979, aka sa ta gaban amfilifaya, kaushinta a sifiri, muryarta a sama. A haka aikinta shi ne rage abin da ke ƙasa da kusan Hz 720 kafin ya isa bawul. Gindin da ake ji a ƙarshe yana fitowa ne daga ƙarshen amfilifaya da akwatin lasifika, bayan an gama gurɓatawa, shi ya sa yake fita a ɗaure. Dabara ce da ta daɗe a sutudiyon masu metal.

Bayan duk wannan, mafi yawan matsalar ta kau ba tare da an taɓa fikof ba. Abin da ya rage shi ne nasa na gaskiya: bugu yana fita amma ba kaifi a bakinsa, in an haɗa tsirkiya huɗu ko biyar sautukan suna narkewa cikin juna, kuma ko an rage maɓallin murya jitar ba ta washewa. Yanzu ne maganar canji ta sami gindin zama.

Hanyoyin da aka auna

Hanya mafi kusa ita ce ya bi abokinsa ya sa mai batir. EMG, kamfanin Rob Turner na Kalifoniya, shi ya fitar da 81, kuma dabararsa ta bambanta da ta masu tara naɗi. Naɗin kaɗan ne, sai wata 'yar amfilifaya a cikin fikof ɗin, mai cin batir na bolt 9, ta ɗaga siginar. Saboda haka ana samun ƙarfi ba tare da an jawo tudun ƙasa ba, tsawon igiya ba ya tasiri, surutu kaɗan ne, kuma an tsara shi da gindi a tsuke. Ba banza ba fitaccen makaɗin jitar metal Zakk Wylde ya daɗe da EMG 81 da 85, James Hetfield na ƙungiyar Metallica kuma ya shekara da shekaru da 81 da 60. Amma bolt 9 yana da rufi: in an buga da ƙarfi siginar tana kaiwa rufin ta matse, bugu mai ƙarfi da mai sauƙi su kusanci juna. Wasu wannan suke so, wasu kuma sukan haɗa batir biyu su koma bolt 18 don su sami sarari. Sannan canjin ba na fikof kaɗai ba ne. Maɓallai sai sun koma masu kilo-om 25, ramin igiya sai an sa mai ƙafa uku wanda ke kunna batir in an soka igiya, a nemi wurin ajiye batir, kuma a aikace fikof biyun ake canzawa tare, domin haɗa mai batir da mara batir a jita ɗaya rigima ce.

An duba Fishman Fluence ma, wanda ya fito a 2014, mai naɗin da aka buga a kan faranti-faranti na lantarki maimakon waya, kuma mai murya fiye da ɗaya a fikof guda. Shi ma batir yake ci, ya fi EMG ci nesa ba kusa ba, kuma aikin ɗaura shi ɗaya ne da na wancan.

Abu biyu suka sa aka bar hanyar batir. Mai jitar yana da waƙoƙin da yake rage murya da ɗan yatsa don ya sami sauti mai ɗan tsabta a tsakiyar waƙa, kuma yana son jin bambancin bugunsa a hannu. Na biyu ya fi nauyi a wurina: ƙungiyar tana da 81 guda ɗaya tuni. Jita biyu masu murya iri ɗaya, ɗaya a dama ɗaya a hagu, sukan haɗe su zama kamar guda. In muryoyin sun ɗan saɓa, faɗin ya fi fitowa.

Saura marasa batir. Nan kasuwar ta cika: Nazgûl da Black Winter na Seymour Duncan, D Activator na DiMarzio, Aftermath da Painkiller na Bare Knuckle da ke Ingila, jerin M na Lundgren daga Suwidin wanda aka sani ta hanyar ƙungiyar metal ta Meshuggah. Abin da ya haɗa mafi yawan waɗanda aka ƙera don tsarin da aka sauke ƙasa shi ne maganaɗisun siramik da naɗin da bai wuce kima ba. Dalilin siramik ba ƙarfi kaɗai ba ne. Alniko ƙarfe ne, lantarki yana bi ta cikinsa, yana kuma ƙara wa naɗin nauyi, don haka yana tausasa saman. Siramik ba ya yin haka. Wannan ba ya nufin alniko ba ya metal, JB kaɗai ya isa shaida, amma a jita mai duhun murya, gajeriyar tsirkiya da tsarin C, tausasawa ce ba a buƙata.

An tsaya a kan Distortion na Seymour Duncan, mai tazarar ƙusoshi ta yau da kullum tunda jakin jitar ba irin mai faɗin nan na Floyd Rose ba ne. Ba don ya fi sauran ba. Yana cikin rukunin da ake nema, ana samunsa cikin sauƙi, yana shiga ramin ba sassaƙa, kuma waya huɗu yake da ita, wato in an so nan gaba ana iya raba naɗinsa. Da an ɗauki wani daga jerin can, ina kyautata zaton bambancin da za a ji a cikin ƙungiya bai kai wanda canjin tsirkiya ya kawo ba.

Abin da aka samu

A naɗin da aka daidaita ƙararsa, sabon fikof ɗin ya ba da abin da ya rage: bakin bugu ya fito, haɗin tsirkiyoyi ya rabu, kuma a atisaye mai ganguna ya ce yanzu yana jin rakiyar da yake bi. Mai jitar ya iya sauke kaushin amfilifaya ƙasa da 5 ba tare da ya ji tsirara ba, abin da ya rage surutun da ke tashi tsakanin bugu da bugu, har na'urar toshe surutu ta daina yanke masa jelar sauti.

Ba komai ya gyaru ba. Sautin tsabta a gefen jaki ya zama mai tsini, siramik ba ya ɓoye wannan, don haka duk wurin da ake son laushi sai ya koma fikof na gefen wuya. Wannan kuwa tsohon ne, wanda ba a jiƙa da kaki sosai ba, kuma ƙarfinsa bai kai na sabon ba, sai da aka ɗaga shi aka ɗan ƙara sauke na jaki kafin muryoyinsu su yi kusa. In an buɗe amfilifaya sosai yana nan yana tsuwa. An bar shi a haka zuwa lokacin da za a cire shi a tsoma a kaki, tunda muryarsa ba ta da laifi. Akwai kuma maganar da ƙungiyar ke yi ta sauka zuwa B a sababbin waƙoƙi, wato Hz 62. In sun yi haka, saitin 12 zuwa 56 zai koma lilo a milimita 628, kuma abin da za a tattauna a lokacin shi ne tsirkiya mai lamba 60 ko jita mai dogon wuya.